KARATUN KASUWA: Raba Gari da Ƙungiyar Ciniki Alhali Zaɓe Na Tafe

 Kun saba ganin kuɗin buhun gero da na wake da na rago a shafin farashi. Karatunmu na yau a kan wani abu ne da ke ɗaga farashin nan ko ya kayar da shi ko da damina ta yi kyau. Shi ne lokacin da wata ƙasa ta ce za ta fita daga ƙungiyar ciniki, ana cikin daidaita sharuɗɗan fitar, sai zaɓe ya faɗo a tsakiya.

Abin ya faru a bakin ƙofarmu, don Nijar da Mali da Burkina Faso sun bar ƙungiyar Ekowas ranar 29 ga Janairu 2025. Ya kuma faru a Turai, inda Birtaniya ta bar Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairu 2020. Za mu jera biyun mu duba. Abin da muke so ku riƙe shi ne wanga: hatsarin ɗan kasuwa yana tsakanin ranar da anka ce "mun fita" da ranar da anka sa hannu a kan sharaɗi. Muddin ba a san wanda zai ci zaɓe ba, wanga tsakani ƙara tsawo yake yi.

Fasali na farko: Mece ce ƙungiyar ciniki?

Alkawari ne tsakanin ƙasashe maƙwabta cewa mutanen juna da kayan juna za su ratsa iyaka cikin sauƙi. An kafa Ekowas, wadda mutanen Nijar ke kira Sedeyawo, a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975. Ƙasashe 15 sunka sa hannu, Janar Yakubu Gowon da Janar Eyadema na Togo ne sunka ja gaba. A 1979 anka yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza, ya zauna har kwana 90. Anka kuma yarda amfanin gona da dabbobi da aikin hannu na cikin yankin su wuce ba kuɗin fito. A 1990 anka faɗaɗa abin zuwa kayan masana'anta.

Duk wanda ya taɓa bin mota zuwa Illela ko Kamba ya san a kan hanya abin ba sumul yake tafiya ba. Shingaye na nan, masu miƙo hannu na nan. Amma ku lura, akwai bambanci tsakanin mai karɓa a ɓoye da wanda doka ta ba rasit ta ce ya karɓa. Na farko ana iya kai ƙararsa. Na biyu kuwa ba ka da ta cewa, sai ka biya ka ɗora a kan buhu. Amfanin ƙungiya ke nan ga falke.

Fasali na biyu: Yadda ake fita

Shiga da takarda anka yi, fita ma da takarda ake yi. Yarjejeniyar Ekowas da anka sabunta a Kwatano a 1993 ta faɗa a sashe na 91 cewa mai son fita sai ya ba da sanarwa a rubuce, ya jira shekara guda. A cikin shekarar nan dokokin ƙungiya suna kansa, kuma yana iya janye sanarwar in ya sake shawara. A Turai sashe na 50 ne, su kuwa shekara biyu sunka sa, ana iya ƙarawa in kowa ya yarda.

Abu uku ake ciniki a kansu cikin wanga wa'adi. Na ɗaya mutane: wanda ya kafa rumfa a can ya yi iyali, yaya zamansa zai zama, wace takarda zai riƙe. Na biyu kaya: za a sa kuɗin fito ko ba za a sa ba, waɗanne takardu direba zai nuna wa kwastan. Na uku lissafi: bashin da ke tsakani, da ayyukan da anka fara tare, da ma'aikata da ofisoshi. Kamar abokan jari biyu ne da sunka daɗe a rumfa ɗaya. Cewa "mu raba" numfashi guda ne. Ƙidayar buhuna da bin masu bashi da sanin wanda zai riƙe rumfar, wannan shi ke cin kwanaki.

Fasali na uku: Abin da zaɓe ke yi wa ciniki

Kowane dillali ya san ciniki yana son abu uku: a san mai sallamawa, a ɓoye farashin ƙarshe, a kuma samu sarari. Zaɓe yana taɓa duka ukun.

Na farko, mai sallamawa. A ce ka taya sa a kara, dillali ya ce maka mai san ga shi nan, amma watakila kafin la'asar ya tashi daga hannunsa ya koma hannun ɗan'uwansa, shi kuwa ba a san ra'ayinsa ba. Za ka ba da kafin alƙalami? Ba za ka bayar ba. Haka ƙasashe suke yi. In sun ga gwamnatin da ke gabansu tana iya faɗuwa, sai su riƙe tayinsu mai kyau su jira wanda zai zo.

Na biyu, asiri. Dillali na ƙwarai ba ya shelanta wa kasuwa inda zai tsaya. Ɗan takara kuwa dole ya hau dandamali ya rantse wa jama'a cewa ba zai taɓa karɓar kaza da kaza ba. Abokin cinikinsa yana ji a rediyo. Ranar da sunka zauna, ya riga ya ɗaure kansa. In ya sauko a ce ya ci amana, in ya tsaya ciniki ya watse.

Na uku, lokaci. Wa'adin da doka ta sa ba ya tsayawa don ana yaƙin neman zaɓe. Ministoci suna yawon neman ƙuri'a, kwanaki suna ta tafiya.

Fasali na huɗu: Misalin Birtaniya

Birtaniya ta shiga kasuwar Turai a 1973. Ranar 23 ga Yuni 2016 anka yi ƙuri'ar raba gardama, kashi 52 cikin ɗari sunka ce a fita, 48 sunka ce a zauna. Kafin gari ya waye fam ɗin Ingila ya faɗo daga wajen dala 1.50 zuwa wajen 1.33. Ba a rufe iyaka ba, ba a sake doka ko guda ba, amma kuɗi ya riga ya motsa. Ku riƙe wannan, kuɗi ne ke fara jin labari kafin kaya.

Firayim Minista Tariza Mei ta ba da sanarwar fita ranar 29 ga Maris 2017, wa'adin shekara biyu ya fara. Tun a Janairu ta riga ta faɗa wa duniya cewa ba za ta zauna a kasuwar bai ɗaya ba, ba kuma za ta zauna a haɗakar kwastan ba. Sai ta kira zaɓe don ta ƙara ƙarfi. Anka yi ranar 8 ga Yuni, kujerun jam'iyyarta sunka ragu daga 330 zuwa 317 a majalisa mai kujera 650, rinjaye ya kuɓuce mata. Ba a zauna teburi da Mishal Barniye, wakilin ƙasashen Turai 27, ba sai ranar 19 ga Yuni. Kwana 82 sun riga sun fita daga wa'adin, akasarinsu a hidimar zaɓe.

Don ta riƙe mulki sai ta jingina da wata ƙaramar jam'iyya ta Ailan ta Arewa mai kujera 10, anka yi wa yankin alkawarin fam biliyan ɗaya. To, iyakar Ailan ce kuwa ta zama babban ƙulli a cinikin, don nan ne kaɗai manoma da masu motoci ke ratsawa ta ƙasa kullum tsakanin ɓangarorin biyu. Ta kawo yarjejeniya a Nuwamba 2018, majalisa ta ƙi ta har sau uku. Karon farko, a Janairu 2019, 432 sunka ce a'a, 202 sunka ce i. Wato dillaliya ta sallama, masu kaya sun ce albarka.

Ga inda abin ya ci 'yan kasuwa. An sa ranar fita 29 ga Maris 2019. Sunka ci bashi sunka cika sito da kaya don gudun tsaiko a tashar jirgin ruwa. Anka ɗage ranar zuwa Afrilu, anka sake ɗagewa zuwa 31 ga Oktoba, anka kuma ɗage zuwa Janairu 2020. Kowace ɗagewa jari yana kwance, kuɗin ajiya yana hawa.

Sai mu yi adalci, zaɓe ne kuma ya warware ƙullin. Boris Jonson ya karɓi mulki a Yuli 2019, ya kira zaɓe ranar 12 ga Disamba, ya ci kujera 365. Da anka san mai sallamawa, cikin mako bakwai anka fita. Yarjejeniyar ciniki kuwa ba a gama ta ba sai 24 ga Disamba 2020, saura mako guda sabon tsari ya fara. Ba a sa kuɗin fito ba, amma takardu sunka yawaita: shaidar asalin kaya, shaidar lafiyar nama da kifi. A Janairu 2021 masu kifi da yawa sun yi asara, kaya na lalacewa ana jiran takarda. Daga ƙuri'a zuwa sa hannu shekara huɗu da rabi ke nan.

Fasali na biyar: Misalin Nijar

Wani zai ce ai Nijar ba a yi zaɓe ba, soja ke mulki. Gaskiya ne. Amma zaɓe ya shiga maganar ta ƙofa biyu.

Ƙofa ta farko, zaɓen shi ne tushen rigimar. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja sunka hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazum, wanda anka zaɓa a 2021, Janar Abdurrahman Tiyani ya hau. Ranar 30 ga Yuli Ekowas ta sa takunkumi, anka rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar. Abin da ƙungiya ke nema ga ƙasashen uku shi ne a mayar da mulki ga farar hula, a sa ranar zaɓe. Mali ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa da ta shirya yi a Fabrairu 2024. Ranar 28 ga Janairu 2024 su ukun sunka ce sun fita nan take. Ekowas ta ce sashe na 91 shekara guda ya faɗa. Daga ƙarshe lissafin takarda anka bi, ba na baki ba.

Ƙofa ta biyu, masu zama a ɗaya gefen teburin 'yan ƙuri'a ne. Shugaba Bola Tinubu ya hau mulki ranar 29 ga Mayu 2023, ya zama shugaban Ekowas a farkon Yuli, alhali shari'ar zaɓensa tana kotu, ba a gama ta ba sai Oktoba. Da anka yi maganar kai soja Yamai, sanatocin Arewa sunka ƙi, Majalisar Dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. Babu ɗan siyasar da zai manta yawan ƙuri'un da ke cikinsu. Janar Abdussalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar sun je Yamai, malamai ma sun je. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 anka ɗage akasarin takunkumin, a Maris anka buɗe iyakar Nijeriya da Nijar.

Cikin shekarar wa'adin kuma fuskoki sunka sauya. Senegal ta yi zaɓe a Maris 2024, Basiru Jomaye Faye ya ci, a Yuli Ekowas ta naɗa shi mai shiga tsakani tare da shugaban Togo. Gana ta yi nata a Disamba 2024, Jon Mahama ya dawo, ya naɗa wakili na musamman zuwa ƙasashen uku, ya kuma ziyarce su da kansa a Maris 2025. Su kuwa sojojin ba su da ranar zaɓen da ke matsa musu, sai sunka ci gaba da gina tasu ƙungiyar ta Sahel, wadda sunka ƙulla a Satumba 2023, sunka mayar da ita tarayya a Yamai ranar 6 ga Yuli 2024. Mai jiran ƙuri'a da wanda ba ya jira, haƙurinsu a ciniki ba ɗaya ba ne.

A Disamba 2024 shugabannin Ekowas sunka ƙara wata shida, zuwa 29 ga Yuli 2025, ko za a sake shawara. Ba a sake ba. Ƙungiya ta koma ƙasashe 12. A Mayu 2025 ne ɓangarorin biyu sunka zauna a Bamako don fara maganar zaman gaba. Ku tuna Muritaniya ta fita a Disamba 2000, ba ta sa hannu a yarjejeniyar hulɗar ciniki da Ekowas ba sai 2017. Irin wanga ciniki ba na kasuwa guda ba ne.

Fasali na shida: Abin da ya sauka a kasuwa

Ranar fitar kanta ba ta tayar da ƙura ba. A ranar Ekowas ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, su shiga ba biza, kayansu kuma su wuce bisa tsohon tsari, har sai an ji wata sanarwa. Ku lura da kalmar ƙarshe. Alfarma ce, wanda ya ba da ita yana iya janyewa.

Abin da ya taɓa aljihu shi ne umarnin da ke fitowa dare ɗaya. Rufe iyaka daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya tsayar da motoci a Illela da Jibiya da Maigatari, albasa da sauran kayan gwari sunka ruɓe a kan hanya, tun ba a yi maganar fita ba. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, ta keɓe Mali da Burkina Faso. A ƙarshen Maris 2025 ƙasashen uku sunka sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, daidai da adadin da Ekowas ke karɓa. A Mayu 2025, ana gab da Babbar Salla, Nijar ta hana fitar da dabbobi. Wanda ya ba da kuɗin raguna a Birnin Ƙonni ko Maraɗi ya san abin da ya gani.

Zama cikin ƙungiya ma ba lamuni ba ne. Nijeriya tana cikin Ekowas ta rufe iyakokinta a Agusta 2019, wata shida bayan zaɓen shekarar, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba 2020. Dattawa kuma suna tuna rufewar 1984 wadda ta zo tare da canjin kuɗi, ta kai har 1986.

Mu a nan ba a bakin iyaka muke ba, amma ruwan da ya ci Illela yana iso mu. In an tare waken Nijar, mai saye ya juyo kanmu, namu ya tashi. In hanyar arewa ta toshe, hatsin da ya saba fita ya taru, buhu ya sauko. Duka biyun akwai mai ci akwai mai asara.

Sai kuɗi. Ƙasashen uku sun bar Ekowas amma ba su bar sefa ba a lokacin, sefa kuwa ɗaure take da yuro. Naira ce anka sake ta a Yuni 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a Fabrairu 2024. Ga misali don lissafi. A ƙaddara ka ɗauki raguna 20 bashi, kowane jaka 50 ta sefa, jimla jaka 1,000. Ranar ɗauka jaka tana naira 2,000, bashinka naira miliyan 2 ke nan. Ranar biya ta koma 2,500, bashin ya zama miliyan 2 da rabi. Rago bai ƙara ƙiba ba, naira 500,000 ta fita daga aljihunka.

Fasali na bakwai: Nasiha

Nijeriya na da babban zaɓe a 2027, kuma maganar iyaka da shinkafa da tsaro ba ta rasa shiga bakin 'yan takara. Saboda haka ga abin da muke ba da shawara.

1. Ku raba magana gida uku: ta dandamali, ta taron shugabanni, da umarnin da ya iso hannun kwastan. Ta ukun ce kaɗai ke tsayar da mota. Kada a yi sari a kan ta farko.

2. Ku rubuta ranaku: ranar zaɓe, ranar rantsarwa, ranar cikar kowane wa'adi. Kusa da su a rage kayan da ke kan hanya, balle masu ruɓewa. Hanyoyinmu ma ba cikakken tsaro gare su ba, kada a haɗa wa jari hatsari biyu.

3. Kada a cika rumbu da kuɗin bashi don an ce rana kaza za a rufe iyaka. Mun ga Birtaniya ta ɗage rana sau uku. Don ganin hadari ba a zubar da ruwan tulu.

4. Bashin ƙetare ya zama gajere. A faɗi kuɗin da za a biya da shi, naira ko sefa, da farashin canji, a gaban shaidu, a rubuta.

5. Dillali ya tsayar da magana tun kafin a ɗora kaya: in iyaka ta rufe kaya na hanya, asarar wa ce, kafin alƙalami ya dawo ko ya tafi, la'ada ta tabbata ko ta faɗi. Maganar da ba a yi da safe ba ita ke kai mutane gaban alƙali da yamma.

6. A sabunta takardun tafiya da na dabbobi tun ana zaman lafiya. A nemi rasit ga duk abin da anka biya.

7. A riƙe zumunci da masu masauki na Ƙonni da Gaya da Maraɗi. Su ke fara jin umarnin gwamnatinsu, kiran waya guda yana iya tsare maka tirela. Tun kafin a ja layin iyaka kakanninmu ke ciniki da nasu.

8. Kada mutum ya dogara ga hanya ɗaya. Mai kai kaya arewa ya nemi mai saye a Gusau ko Jega ko kudu, ko da ribar ba ta kai ba.

9. In ɗan takara ya zo kasuwa neman ƙuri'a, shugabannin 'yan kasuwa su tambaye shi a fili: me za ka yi da iyaka, kwana nawa za a ba mu kafin a rufe ko a hana fitar da kaya? Lokacin ne kaɗai shi ke tayi, mu ke da ikon cewa albarka.

Wanga shi ne karatunmu na yau. Wanda ya karanta ya karanta wa na kusa da shi a rumfa. Allah shi ba da kasuwa mai albarka, shi tsare matafiya, shi zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalam.